Makahon Teksas da mai gogen Kawu

A wannan mako zan ɗan kauce wa maganar farashin hatsi da ta albashi, in ba ku labarin wata ƴar al'ada tamu, da kuma kunyar da na sha ta dalilinta.

Duk daren Alhamis, bayan sallar lisha, mu biyar ne muke haɗuwa a ƙofar gidan wani abokinmu a nan Yamai: malamin lakwal guda, ma'aikacin baitulmali guda, ƴan kasuwa biyu, sai ni. Fadar tamu tana da doka ɗaya tak. Kowa zai zo da abu biyu a cikin salularsa: kiɗa ɗaya da ya ratsa shi a cikin makon, da wani abin mamaki da ya tsinto a intanet. Wanda ya zo hannu rabbana, shi ke sayen ganyen shayi da sukari na mako mai zuwa. Shekara shida ke nan muna a kan haka, kuma ba na jin akwai makarantar da ta ƙaru da ni kamar wannan tabarma.

A nan ne malamin lakwal ya kawo mana Mamman Sani. Da ya saka kiɗan, sai muka kalli juna, domin dukanmu mun tashi muna jin wannan sauti a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, amma babu wanda ya taɓa tambayar mai shi. Ashe mutumin ya ɗauki kaset ɗinsa tun shekarar 1978, sai a 2013 wani kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga shi, duniya ta ji. A nan ne kuma ɗaya daga cikin ƴan kasuwar ya ba mu labarin Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, wanda ya ƙera gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa, suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth har suka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya saka ɗaya a cikin faifan da ya fitar a 2011.

Ni kuwa rabona a fadar shi ne buluz, wato kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Tun ina lise na kamu da shi. Wani malaminmu ne ya ara mini kaset na Ali Farka Toure, mutumin Niafunke, wanda ya yi tare da Ry Cooder a 1994, ya ce in na ƙoshi da shi in nemi wani tsoho mai suna John Lee Hooker. A lokacin kuɗin karin kumallona a siberkafe yake ƙarewa, ina zaune ina jiran waƙa ɗaya ta sauko kamar mai jiran ruwan farko. Daga Hooker na gangara zuwa Muddy Waters, daga shi zuwa Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938 yana da shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 kacal. Sannu a hankali na haddace sunayen garuruwan Misisipi da ban taɓa takawa ba, har abokaina suka laƙaba mini Sarkin Buluz. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye muku ba.

A damanar 2022 kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Tawa ganin likita, ya sauka a gidana. Tsohon falke ne, ya yi shekara fiye da 30 yana kai albasa Abijan da Akara kafin ƙafa ta hana shi. Da daren Alhamis ya yi, na ji nauyin in bar shi shi kaɗai, sai na ce ya zo mu je. Abokaina suka shimfiɗa masa buzu, aka miƙa masa kofin farko.

A daren nan na zo da abin da nake ganin babu wanda zai ja da ni, domin kiɗan da abin mamakin duk a wuri ɗaya suke. Wani makaho ne na jihar Teksas, Blind Willie Johnson, mai wa'azin Kirista a bakin titi. A watan Disamba na 1927, a birnin Dalas, ya ɗauki wani kiɗa na minti uku da ɗan doriya wanda babu kalma a cikinsa: gita ce kawai da ake goga wa ƙarfe a kan tsirkiya tana kuka, shi kuma yana bin ta da nishi da gunji. Ya rasu a 1945 cikin talauci, bayan gobara ta cinye gidansa ya ci gaba da kwana a kangon. Shekara 32 bayan haka, a 1977, da Amurkawa za su harba kumbon Voyager guda biyu, sai suka liƙa wa kowanne faifai mai ruwan zinariya ɗauke da sautukan duniya, ko Allah zai sa wata halitta ta tsinta. Kiɗan makahon nan yana ciki. Yau kumbon farko ya yi nisan da ya haura kilomita miliyar 20 daga ƙasa, yana nan yana tafiya.

Na gama bayani, na saka kiɗan. Fada ta yi tsit, ba ka jin komi sai tafasar shayi. Da ya ƙare, Kawu ya ajiye kofinsa ya ce: «Ɗana, wannan bawan Allah wa ya mutu masa?»

Ban taɓa jin wanda ya fassara buluz kamar haka ba, ga shi kuwa mutumin bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba. Daɗi ya kama ni, sai na shiga zuba ilimi. Na gaya masa cewa wani masani ɗan ƙasar Otiris, Gerhard Kubik, ya wallafa littafi a 1999 inda ya nuna cewa salon rera buluz, na mutum ɗaya da abin kiɗansa mai tsirkiya, yana lanƙwasa murya yana jan ta, ya fi kama da na yankinmu na Sahel fiye da kiɗan ganguna na bakin teku, kuma har gogen Hausawa ya kawo misali da shi. Na gaya masa cewa yaran Misisipi sukan ɗaura waya guda a jikin bangon katako su riƙa goga mata kwalba, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kuntigin Ɗan Maraya Jos. Na ce banjo ma, da ƙwarya da fata aka fara yin ta, ƴar uwar gurmi ce da molo. Na ƙare da cewa ashe dai kiɗanmu ne ya ƙetare teku ya komo.

Kawu ya girgiza kai. Ya ce shi ya yi fatauci, ya san albasar Galmi in aka shuka irinta a wata ƙasa, abin da ya fito na mai gonar ne. «Iri dai naku ne, in ma naku ne. Amma kukan nasa ne, ku bar masa abinsa.» Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Buluz a gonakin auduga aka haife shi, bayan an soke bauta a 1865, a bakin mutanen da aka ce sun sami ƴanci amma bashin mai gona da dokokin wariya suka sake ɗaure su. Mu da kakanninmu ba su ɗanɗana wannan ba, in muka ce namu ne gaba ɗaya, mun ci gadon da ba mu yi wa takaba ba. Shi kansa Ali Farka, da ya sha nanata cewa saiwar tana Mali, bai ƙi sauraron Hooker ba tun yana saurayi. Hanya ce mai zuwa da komowa.

Sai Kawu ya matso kusa, ya nuna salular da yatsa. Ya ce tun da abin nan yana iya tono muryar makahon da ya mutu tun kafin a haife shi, to in tono masa wani mai goge na ƙauyensu. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce shi ya yi kiɗan aurensa, kuma duk falken da zai tashi zuwa kurmi a zamaninsu, sai ya biya ta wurinsa an yi masa taken tafiya. Ya ce Ɗan Gurmu, wanda ƙasa ta raɗa wa gasar kiɗa sunansa, ya fi shi suna kawai.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na rubuta sunan da rubutun Hausa, babu. Na rubuta shi yadda Faransawa za su rubuta, babu. Na haɗa da sunan ƙauyen, na haɗa da goge, na shiga YouTube, na shiga Facebook, abokaina huɗu suka zaro nasu salulolin muka taru a kai har shayi na uku ya huce. Ko inuwarsa ba mu gani ba. Kawu bai yi fushi ba. Ya ce: «Ba komi, ɗana. Wataƙila shi ba a saka shi a cikin jirgin ba.» Abokaina suka yi dariya. Ni dai ban iya ba.

Na kwana ina juyi. Na san ranar da aka ɗauki muryar wani makaho a Dalas, amma ban taɓa jin sunan wanda ya yi kiɗan auren kawuna ba. Kuma na fahimci abin da na daɗe ina gani ban lura ba: intanet rumbu ne, abin da aka zuba a ciki shi ake ɗiba. Muddy Waters direban tarakta ne a wata gonar auduga kusa da Clarksdale, har zuwa 1941 da Alan Lomax da John Work suka zo da na'urar ɗaukar murya a bayan mota, a madadin babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Da aka maido masa da muryarsa ya ji ta da kunnensa, sai ya san shi ma mawaƙi ne, bayan shekara biyu ya kama hanyar Shikago. Da motar nan ba ta tsaya a ƙofarsa ba, da wataƙila ya bi sahun mai gogen Kawu. Mu ma muna da misali a gida. Malam Mamane Barka, Allah ya jiƙansa, ya je bakin tafkin Cadi a 2002 ya zauna gaban wani tsohon Buduma ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale, a lokacin da ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018, amma biram yana nan a faifai, kowa na iya ji.

Da safe na tambayi Kawu ko an taɓa ɗaukar muryar mutumin. Ya yi tunani, ya ce akwai wani kaset da wani direbansa ya ɗauka a wurin suna, wajen shekarun 1980, in gara ba ta ci ba yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin uwargidansa. Na ce zan zo in ɗauka a ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, aiki ya riƙe ni. Na ce bayan kaka. Bayan kaka na ce sai an sha ruwa. Kawu ya rasu kafin azumi.

Bayan addu'ar bakwai na roƙi uwargidan ta buɗe akwatin. Kaset ɗin yana nan a ƙarƙashin tsofaffin takardun dwan, babu rubutu a jikinsa. Zafi ya manne zaren a wurare da dama. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya kwance shi, ya yanke inda ya lalace, ya liƙa da man farce, ya juya da biro, muka saka a wata tsohuwar rakoda na kara salulata a bakin lasifika. Minti 13 muka tsira da su. Akwai kukan akuya a ciki, akwai guɗar mata, akwai wani yana kiran a kawo ruwa. A tsakiyar wannan hayaniya goge yana tashi yana sauka, da wata murya mai kaushi tana jero sunayen fatake ɗaya bayan ɗaya. A minti na tara na ji sunan Kawu.

Ranar Alhamis ta gaba abin da na kai fada ke nan. Ban yi bayani ba, ban ambaci wani masani ba. Ma'aikacin baitulmali, wanda ba ya cika magana, ya ce mahaifinsa ya bar kwali guda na kaset a Damagaram, tun rasuwarsa babu wanda ya buɗe. Ɗan kasuwa ya ce a shagon yayansa na Maraɗi akwai buhu biyu da ake shirin zubarwa domin a sami wurin ajiye kaya. A daren muka ƙara doka ta biyu: sau ɗaya a wata, abin da za a kawo sai wanda babu shi a intanet. Da izinin iyalan mai gogen, na aika wa ƴan uwa da mutanen ƙauyen mintunan nan ta WhatsApp, wata jikarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ba ta taɓa jin muryarsa ba.

Ban bar buluz ba, kuma ba zan bari ba. Har gobe nakan saka makahon Teksas in dare ya raba, sai dai yanzu tambayar Kawu nake ji a bayan gunjinsa.

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikata, na san da yawanku kuna da irin wannan akwati, a ƙuryar shago ko a saman kabad. Zaren kaset ba ya jure zafinmu da ƙurarmu, kowace bazara tana cin rabonta. Ku buɗe tun masu sanin muryoyin da ke ciki suna raye, ku ɗauka a salula, ku rubuta sunan makaɗin da garinsa da shekarar in an tuna, ku ba na kusa da ku. Ni na jinkirta wata bakwai, kuma wanda ya roƙe ni bai ji ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan mai gogensa. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.