Wa Ya Iya Cewa Ƙurunƙus?

Bara, daidai lokacin da farashin gero ya fara tashi a kasuwannin Maradi, na rubuta wa tashar rediyon da nake aiki wasan kwaikwayo mai kashi 15. Labarin wani Alhaji ne da ke kimshe hatsi a sito sai talaka ya galabaita, sannan ya fito da shi ya sayar yadda ya ga dama. Tun kafin in ɗora alƙalami a takarda na san inda labarin zai tsaya: a kashi na ƙarshe asirin Alhaji zai tonu, ya rasa dukiya da mutunci. Amma muna kaiwa kashi na tara wayar tasha ta daina hutawa. Mutane na kira suna tsine wa Alhaji, kafin su kashe waya kuma su tambayi ranar da za a maimaita. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyin shirin ya aiko cewa zai biya kuɗin kashi 60, da sharaɗin kada Alhaji ya faɗi. Darakta ya kira ni ofis, ya tuna mini wata biyu ke nan albashinmu bai fito cikakke ba, ya ce ya ba ni mako guda in yi tunani.

Da yammacin ranar na tafi gidan kawuna. Malamin Ingilishi ne a lise kafin ya yi ritaya, kuma ni da shi muna da wani tsohon musu a kan wasan talabijin ɗin nan House of Cards. Ni na Amurka na sani. Ƙanena ne ya samo mini shi a filashi daga abokansa na fada, an juya shi zuwa Faransanci, na yi makonni ina hana idona barci saboda shi. Kawu kuwa kullum cewa yake abin da na kalla ɗumame ne, tuwon ainihi BBC ce ta tuƙa shi tun 1990. Ni kuma in ce masa, “Kawu, ai wani ɗumamen ya fi tuwon dare daɗi.” Ran nan da na gaya masa damuwata bai ba ni shawara ba. Ya ce, “Ɗiyata, zauna.” Ya ɗauko faifansa ya sa, yana tsayarwa yana fassara mini, har muka gama shi cikin dare biyu.

Kashi huɗu ne kacal. Ian Richardson ne ya fito a matsayin Francis Urquhart, bulaliyar majalisa na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, mutumin da ke riƙe da sirrin kowane ɗan majalisa kamar yadda wanzami ke riƙe da sirrin gari. An yi masa alkawarin muƙami aka saɓa, shi kuma ya ƙudurta sai ya tumɓuke firaministan ya gaje shi. Labarin ya fara ne bayan saukar Margaret Thatcher, kuma abin mamaki an nuna kashi na farko ranar 18 ga Nuwamba 1990, kwana huɗu bayan nan Thatcher ta sanar da murabus ɗinta da gaske. Ni da sana'ata murya ce, abin da ya fi kama ni shi ne yadda Richardson ke juyowa ya yi wa mai kallo magana a hankali, cikin ladabi, kamar dattijon da ke ba ka goro. Sai ka tsinci kanka kana murmushi tare da shi, har ranar da ya jefo ƴar jarida Mattie Storin daga saman ginin majalisa.

Da muka gama na yarda da abu ɗaya da a da nake musawa. Labarin a ƙasar Ingila aka haife shi, kuma can ya fi zama daram. A tsarinsu, shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa shi ne firaminista, kuma a wancan lokacin ƴan majalisar jam'iyyar ne kawai ke zaɓensa. Don haka mai riƙe da sirrin ƴan majalisa na iya hawa mulki ba tare da ya nemi ƙuri'ar talaka ba. A Amurka kuwa kujerar shugaban ƙasa ba ta hannun ƴan majalisa take ba, sai an bi ta babban zaɓe. Da Netflix ta sake yin labarin a 2013, dole aka yi wa Frank Underwood doguwar hanya: ya zama mataimakin shugaba a ƙarshen zango na farko, shugaban ya yi murabus a ƙarshen na biyu. Tafiyar da Urquhart ya yi a kashi huɗu, Underwood sai da ya ci kashi 26.

Amma ban sallama wa Kawu duka ba, domin wannan tsawon ya haifi abin da na Ingila bai da shi. Matar Urquhart, Elizabeth, tana can gefe tana zuga mijinta, ba ka cika jin abin da ke ranta ba. Claire Underwood, wadda Robin Wright ta fito a matsayinta, mutum ce cikakkiya mai nata buri da nata tsoro, kuma aurensu shi ne zuciyar labarin. A nan Amurkawa sun gyara, ko Kawu ya so ko ya ƙi.

Matsalar ita ce bayan Underwood ya hau kujera, abin da labarin ya zo faɗa ya ƙare, amma aka ci gaba har kashi 73. Kashi 47 ke nan na ƙari, ana ta neman sabon mugun abin da zai fi na jiya. Ingilawa ma sun ƙara zango biyu, a 1993 da 1995, amma duka-duka kashi 12 ne, kuma sun rufe ƙofa da hannunsu: an harbe Urquhart, da sanin matarsa, don kada asirinsa ya tonu yana raye. Underwood kuwa ba marubuta ne suka zaɓi ranar mutuwarsa ba. An yi wa Kevin Spacey zarge-zarge a 2017, kamfanin ya raba gari da shi, sai aka buɗe zango na ƙarshe a 2018 aka ce mana Frank ya mutu. Daga baya, a 2023, kotu a Landan ta wanke ɗan wasan daga tuhumar da aka yi masa a can, amma labarin ya riga ya mutu mutuwar da ba tasa ba.

Kawu ya bayyana mini dalilin wannan bambanci, kuma dalilin kuɗi ne. A Birtaniya an saba da zango mai kashi shida ko takwas, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ke rubuta shi, kuma BBC da kuɗin lasisin da masu talabijin ke biya take rayuwa. Manyan tashoshin Amurka da talla suke ci, zangonsu yakan wuce kashi 20, da ɗaki guda na marubuta, kuma muddin ana kallo ba a son a tsaya. Netflix ba talla ta dogara da ita ba a lokacin, amma ita ma tana son mai biyan kuɗin wata ya zauna. Ina jin haka na tuna da ofishin darakta.

Na tambaye shi ko akwai wanda Amurkawa suka kwafa yadda yake ba su ja shi ba. Ya ce akwai, kuma bai yi albarka ba. A 2013 tashar ITV ta nuna Broadchurch, labarin gawar wani yaro da aka tsinta a bakin teku a wani ƙaramin gari, da yadda zargi ya raba maƙwabta. Shekara guda bayan nan Fox ta sake yin sa da sunan Gracepoint, ta ma ɗauko David Tennant, wanda ya yi ɗan sandan a na farkon, ya sake yin sa da harshen Amurkawa. Wurare da yawa kusan hoto da hoto aka bi. Zango ɗaya aka yi aka dakatar. The Office kuwa, duk da shi na barkwanci ne, ya nuna ɗaya fuskar. Na Ingila kashi 14 ne, da shugaban ofis mai sa ka jin kunya a madadinsa. Amurkawa sun fara da kwaikwayo a 2005, abin bai kama sosai ba, sai suka sassauta halin shugaban, suka mai da shi wawa mai neman a so shi. Daga nan wasan ya zama nasu, ya kai kashi 201. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ranar da suka daina ƙoƙarin yin kukan Ingila ne aka fara saurarensu.

To, shin na Amurka sun fi na asali? Abin da na taso da shi daga tabarmar Kawu shi ne, Amurkawa sun iya faɗaɗa gida, su ba wanda aka bari a zaure ɗaki nasa. Ingilawa kuma sun iya tashi daga hira tun ana marmarinsu. Kakata idan tana mana tatsuniya, ko mun roƙe ta, da zarar Gizo ya gamu da sakamakonsa sai ta ce ƙurunƙus, ta kore mu mu kwanta. A lokacin haushinta nake ji. Yanzu na san da ta biye mana, da ba mu riƙe ko ɗaya daga cikin tatsuniyoyinta ba.

Da mako ya cika na koma wurin darakta. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kashi 20, amma Alhaji zai faɗi.” Kashi biyar ɗin da na ƙara na ba uwargidan Alhaji ne, wadda a rubutuna na farko aikinta kawo ruwa da cewa sannu da zuwa. Na sa ta san adadin buhunan da ke sito, ta kuma san ƙanwarta a ƙauye tana kwana da yunwa. A kashi na ƙarshe ita ce ta miƙa makullin. Wannan darasin daga Claire na ɗauko shi, rufe ƙofar kuma daga Urquhart.

Ɗan kasuwar ya biya na 20 ɗin ya janye. Darakta ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar abokin aikina mai haɗa sauti, magidanci mai ƴaƴa huɗu, wanda ya ce mini a hankali, “Malama, ƙurunƙus ɗinki ba ya biyan kuɗin haya.” Ba ni da amsar da zan ba shi, kuma tun daga ranar na rage ganin laifin marubutan da suka ja Underwood har kashi 73. Su ma akwai masu jiran albashi a bayansu.

Kawu ya saurari kashi na ƙarshe a ƙaramar rediyonsa. Da na je gaishe shi ya ce uwargidan ta yi, amma har gobe da tsohuwar zuma ake magani. Na ce masa uwargidan ai daga ɗumamen ta fito. Ya yi dariya ya ce in zuba masa shayi. Har yanzu, idan na buɗe layi a shirina na safe, nakan samu wanda zai tambaye ni yaushe Alhaji zai dawo.