Littafin Da Ba Ya Kwana A Kanta

Mu da muka koyi neman littafi a cikin akwatunan kati, akwai wata ɗabi'a da har yau ba ta sake mu ba. In aka ce mana laburare na da littafi kaza, to abin da muke fahimta shi ne yana nan a kan kanta, da hatimi a shafin farko da lamba a gadon bayansa, kuma ko wani ya are shi zai dawo. Lokacin da naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, jami'o'inmu sun yi shekaru ba su iya sayo sababbin littattafai daga waje yadda suka saba ba, amma tsofaffin ba su motsa ba. Sun sha ƙura, gara ta taɓa wasu, duk da haka da su aka yi ta yin digiri.

Yau kuwa, mai karatu, in ka shiga laburaren babbar jami'a za a nuna maka ɗakin kwamfutoci, a ce da kai akwai littattafai dubun dubbai a cikin na'ura. Mun daɗe muna son sanin ta wace ƙofa suke shigowa, da kuma wanda ke cewa wannan ya cancanta wancan bai cancanta ba. Wata ma'aikaciya da ta kwana biyu a aikin, a wata jami'a ta Arewa, ita ta zaunar da mu ta warware mana zare da abawa.

Farkon abin bai bambanta da na da ba. Malamai a sassa su rubuta abin da suke bukata, a tattara a kai gaban kwamiti. Daga nan hanya ta rabu, domin ba kantin littattafai za a aika ba, sai wajen manyan dillalai irin su EBSCO da ProQuest, ko kamfanonin ɗab'i irin su Springer da Elsevier. Mafi yawa a ƙunshe suke sayarwa, kamar mai sayar da tumatir a kwando: ka biya kuɗin shekara a buɗe maka duka, da wanda kake so da wanda ba ka so, kuma suna iya cire wasu kafin shekarar ta ƙare. Akwai sayen dindindin, mai tsada, amma shi ma yawanci littafin yana zaune ne a na'urar dillalin. Akwai kuma wata dabara da ta ba mu mamaki, wato a jera sunayen littattafan da ba a saya ba a gaban ɗalibai, sai wanda aka buɗe aka daɗe ana karantawa ne za a cire kuɗinsa daga asusun laburare.

Kowane littafi da yarjejeniyarsa. Wani mutum ɗaya tak zai karanta shi a lokaci guda, wani uku, wani ba iyaka, kuma kowanne da farashinsa. Kai ka ji, littafin da ba shi da jiki, amma sai ɗalibi ya jira wani ya gama! Haka nan akan ƙayyade yawan shafukan da za a iya saukewa ko bugawa a takarda.

Wajen tantancewa, dillali kan ba da ɗanɗano na kamar wata guda. A cikinsa ake duba ko littattafan sun dace da manhajar da ake koyarwa, ko sababbi ne, ko za su gamsar da jami'an hukumar NUC ranar da suka zo tantance kwasa-kwasai. Ana duba ko ɗalibi zai iya buɗewa a wayarsa daga gida, da ko zai iya saukewa ya ajiye, don ba kullum ake da wuta ko intanet ba. Bayan an biya kuma sai alƙaluma su yi magana. Na'urar dillali tana ƙirga kowane buɗewa, a ƙarshen shekara a raba kuɗin da aka biya da yawan buɗewar. Kwandon da ya fito da tsada sai a sallame shi.

Alal haƙiƙa ba ma raina wannan ci gaba. Ɗalibin likitanci a Sakkwato ko Maiduguri yana karanta abin da takwaransa na Ingila ke karantawa, wani ta hanyar shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mu a zamaninmu sai mun yi layi a kan kwafi ɗaya da ya girme mu.

To, amma fa haya ce, kuma da dala ake biya. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. Cikin 2024 ta haura 1,500. Duk abin da jami'a ta ware, ko tallafin da ta samu daga asusun TETFund, kashi uku aka raba ƙarfinsa. Laburaren da ta kasa sabunta biya ba ƙura za ta samu a kan kanta ba, wayam za ta gani. Ba mu kaɗai wannan ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 bayan sun biya kuɗinsu, sai dai ya mayar musu da kuɗin. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Da ma'aikaciyar nan ta gama bayani sai muka tambaye ta littattafan Hausa nawa ne a cikin kwandon. Dariya kawai ta yi. Ba ƙiyayya ba ce; dillali ba ya ɗaukar littafi sai yana da kamfanin ɗab'i da aka yi yarjejeniya da shi, da lambar ISBN, da cikakken bayani a tsare. Mu kuwa galibi marubucinmu shi ne mai bugawa, shi ne mai dakon kai wa kasuwa.

A shekarun 1990, lokacin da ake yi wa littattafanmu gorin "adabin kasuwar Kano", ba kowace laburare ce ta yarda su hau kantarta ba. Amma da yake takarda ce, duk mai naira 'yan kaɗan zai iya zuwa kasuwa ya saya ya ajiye. Da haka Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, wanda ya fito a 2004 a ƙasar Jamus. Yanzu ƙannenmu da 'ya'yanmu, galibinsu mata, a waya suke rubutu. Suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai so ya tura kuɗi a sa shi a zaure. Wasu sun zuba nasu a OkadaBooks, wanda aka buɗe a 2013 aka rufe a ƙarshen 2023. Marubuciyar da ba ta da kwafi a wani wuri, in wayarta ta faɗa ruwa, labarin ya bi ta. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce a kai kwafi uku na duk littafin da aka buga, amma an rubuta ta ne zamanin da littafi takarda ne kawai.

A ganinmu ma'aunin ƙirga buɗewa ya dace da littafin kimiyyar da zai tsufa cikin shekara biyar, bai dace da wannan ba. Labarin da mutum biyu kacal za su buɗe a bana, shi ɗalibin digiri na uku zai zo nema bayan shekara arba'in don ya ji yadda 'yan matan Kano ke magana a yau. Jami'o'i da dama, har da ta Ahmadu Bello a Zariya, suna da rumbun na'ura nasu na kansu inda suke ajiye kundayen ɗalibai, kuma ba dala ake biya wa dillali a kansa ba. Ba mu ga abin da zai hana a buɗe wa littattafan Hausa zaure a ciki ba. Ƙungiyarmu ta tattaro daga hannun marubuta, a rubuta yarjejeniya da Hausa, a ce a cikin laburare kaɗai za a karanta har tsawon wasu shekaru, don kada a kashe wa marubuciya kasuwa.

Da muka kawo wannan shawara, ma'aikaciyar ta yi mana tambaya ɗaya. Labarin waya ana gyara shi ne yana tafiya. Masu karatu su yi ca, marubuciya ta fasa kashe tauraro, wani lokaci ma ta sake ƙarshen gaba ɗaya kafin ta haɗa shi wuri guda. Ta ce wanne za mu kawo mata, wanda aka saki shafi-shafi ko wanda aka gyara? Mun ce mata duka biyun, da kwanan wata a jikin kowanne.