Ƙasar Kudu Tana Bin Mu Bashi

Gonakin Birnin Kudu da Gwaram ba iri ɗaya ba ne, kuma duk manomin da ya yi musu kuɗin goro zai gane kurensa ranar girbi. Mu nan a kan dutse muke zaune. Irin duwatsun nan na Habude da Mesa, masu zanen mutanen da, su ne suka yi ta rududdugewa tsawon zamani har suka ba mu jar ƙasar da muke nomawa. Shi ya sa ƙasarmu ta fi ta Gumel da Maigatari nauyi, inda yashi ke da zurfi, ga shi kuma Allah Ya ba mu ruwan sama fiye da nasu.

Amma ko a cikin gona guda sai ka tarar da ƙasa kala uku. Jigawa tana da sauƙin fartanya, sai dai ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, don haka gero da gyaɗa da wake da riɗi ne abokan zamanta. Jan gargari kuwa ta dawa ce da masara. Tana riƙe damshi, amma idan ta bushe sai ta ƙi garma, idan kuma ka huɗe ta tana jagwab, ka ɓata ta har ƙarshen damina. A gindin duwatsu akwai tsakuwa da marmara, inda saiwa ba ta zuwa ko'ina. Sai fadamun bakin Kogin Bunga a Gwaram da na wajen Iggi, masu laka, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Iyayenmu ba su da na'urar gwaji. Dunƙula ƙasar suke yi bayan ruwa: wadda ta wargaje a tafin hannu da wadda ta manne, kowacce an san abin da za a ba ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin 1973. Kowa ya sha wuya, amma na gani da idona yadda gonakin bayan gari, waɗanda ake kai wa taki da mangala duk rani, suka jure ƙishi bayan na daji sun ƙone. Ruwan da ya sauka iri ɗaya ne. Ƙasar ce ta bambanta, domin wadda ta ƙoshi da kashin dabbobi da shara tana ajiye ɗan damshin da ta samu. Haka aka sake gani a 1984.

Tsakanin fare-faren nan biyu ne takin zamani ya cika gari da araha, musamman daga 1976 da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da shirin ciyar da ƙasa. Ba na zagin takin zamani. Kampa da yuriya da supa sun ciyar da gidaje da yawa, kuma ƙasarmu tana buƙatarsu. Illar ita ce jama'a sun ɗauka buhu ya maye gurbin jaki. Takin buhu shuka yake ciyarwa a shekarar, ba ya gina ƙasa. Ka zuba yuriya a jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen taki, ruwan Agusta ya wuce da rabinta ƙasa, kai kuma ka dawo kana cewa takin ne jabu.

Ku duba abin da muke yi wa gona yanzu. Mu kwashe hatsi, mu kwashe kara, mu ɗaure harawa mu kai kasuwar Sara. Saurar da ake barinta ta huta babu ita, gado ya yayyanka ta. Fulanin da suke kwana da shanu a gonakinmu da rani, mu ba su dami su bar mana taki, rikici da rashin makiyaya sun raba mu da su, kuma wannan asara ce ta ɓangarorin biyu. Gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar dawa ta yi ƙarfi a ƙarƙashinta, mun sare shi. To me ya rage wa ƙasar? Sai wuta-wuta ta cika gona, sai fako ya fara bayyana, wurin da ruwa ke bi ta kai ya wuce kamar a kan daɓe.

Masu bincike na Samaru da na IITA a Kano abin da suke koyarwa bai saɓa wa na iyayenmu ba: a haɗa takin gida da na zamani, a riƙa juya dawa da wake ko waken suya, domin suna ƙara wa ƙasa ƙarfi suna kuma rage wuta-wuta. Ni zan ƙara da cewa a gonar gangare a ja kunya a gicciye, kada a bi hanyar ruwa. Masu lambu kuma, in kun ga fari-fari kamar kanwa a bakin fangali, ku buɗe magudana, ku rage yuriya, ku ƙara takin da ya ruɓe sosai.

'Ya'yana, ku da za ku gaji gonakin nan, bana ku bar wa gona ko da rabin karanta, ku haƙa ramin tara taki a bayan gida tun da kaka, kuma duk ɗan gawon da ya tsiro a gonarku ku kewaye shi da ƙaya, kada garma ta taɓa shi.