Katsina da Ƙuri'ar Maƙwabta

Wanda ya bar Kano da sassafe a mota, kafin rana ta take tsaka ya isa Katsina, gama tafiyar kilomita 170 ce da 'yan kai. Mun shiga ta Ƙofar Ƙaura, muka miƙe har Ƙofar Soro inda gidan Sarki yake. Baƙo ba ya rasa abin kallo a nan. Akwai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kamar ƙafa 50, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Akwai tsohuwar kwaleji da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, yanzu ta zama gidan ajiye kayan tarihi. Ganuwa kuwa ruwan sama da masu gini sun cinye yawancinta, sai guntaye nan da can.

Amma in kana so ka gane garin nan, mai karatu, je ka tashar motocin Jibiya ka zauna kaɗan. Za ka ji Hausa iri biyu. Wani ya ce kwastan, wani ya ce duwan. Wani yana lissafi da naira, wani da sefa, har in ya ce jaka ɗaya sai ka tambaye shi ta wane gefe yake nufi, domin jakar Nijar sefa 1,000 ce. Daga nan zuwa Jibiya kilomita wajen 45 ne, zuwa Maraɗi wajen 90. Watau Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina nesa ba kusa ba.

Dangantakar ta wuce ta ciniki. Sa'ad da mutanen jihadi suka ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan dā suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa musu sabon zama a Maraɗi, har wa yau kuwa sarkin can Sarkin Katsina ake ce da shi. Aka yi shekara da shekaru ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore. Fatake suka gaji suka koma Kano. Bature mai yawon nan, Barth, da ya zo a 1851 ya iske yawancin cikin ganuwa fili ne da gonaki. Daga baya Ingila da Faransa suka zauna a ƙasashensu suka ja layi a takarda, aka bi aka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba gonaki, ya raba surukai. Gulbin Maraɗi dai bai san da shi ba: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa gulbin Rima.

To, a 1958 aka kawo wa mutanen ƙetaren layin wata tambaya wadda ba a kawo wa na wannan gefe ba. Janar de Gaulle ya hau mulkin Faransa a shekaran nan, ya tsara sabuwar tarayya ta Faransa da ƙasashen da take mulka. Ya ce kowace ƙasa ta jefa ƙuri'a ran 28 ga Satumba. Wadda ta ce I, ta zauna cikin tarayya, tana tafiyar da harkokinta na cikin gida, amma soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun Faris. Wadda ta ce A'a, ta sami 'yancinta nan take, amma kada ta sa rai da ko anini daga Faransa.

Shugaban gwamnatin Nijar a lokacin Jibo Bakari ne, jam'iyyarsa kuwa Sawaba. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Katsina, gama da kalman nan ce 'yan NEPU na Malam Aminu Kano suke kirari tun 1950, jam'iyyun biyu kuma suna ɗasawa. Jibo ya ce a jefa A'a. Abokin hamayyarsa Hamani Diori, wanda ɗan'uwansa ne na jini, ya ce a jefa I. Tun daga sama ke nan gida ya rabu.

Kowane gefe yana da hujjarsa, kada mu raina ko ɗaya. Ƙarfin Sawaba yana wurin ƙananan mutanen gari, direbobi da 'yan kamasho da leburori da masu ɗinki da 'yan tireda, a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Su ne suka fi shan wulakancin ɗan sanda da na mai karɓar haraji, su ne kuma suka saba zuwa Katsina da Kano, suna ganin Nijeriya tana shirin karɓar mulkin kanta. Suka ce, in maƙwabci zai tsaya da ƙafarsa, mu me zai hana? Masu cewa I kuwa suna duban gyaɗa. Arzikin Maraɗi a kan gyaɗa yake a lokacin, Faransa kuwa tana sayenta da kuɗi fiye da na kasuwar duniya. Ƙasar ba ta da bakin teku, ba ta da jirgin ƙasa, masu ilimin zamani 'yan kaɗan ne. Manomi da ya ji tsoron inda zai kai gyaɗarsa baɗi, ba za mu ce masa matsoraci ba.

Sai dai ba a bar hujja ta kara da hujja ba. Faransa tana yaƙi a Aljeriya, daidai kan iyakar Nijar ta arewa, tana kuma tsoron in ta saki ƙasar, Hausawanta za su karkata wajen Nijeriya. Ana sauran 'yan makonni aka aiko da sabon gwamna, Colombani, ya sa ƙarfin gwamnati duka a bayan I. Yawancin sarakuna, har da waɗanda suka goyi bayan Jibo a zaɓen 1957, suka juya masa baya. A ƙauye kuwa wa zai yi musu da mai gari a gaban jama'a? Da aka ƙirga, I ta sami wajen 78 cikin 100, A'a wajen 22. Amma ga abin lura, cikin mutum 100 da aka rubuta sunayensu, waɗanda suka fito ba su kai 40 ba. Sauran suka yi zamansu a gida. Gini kaɗai ce ta ce A'a, ƙarƙashin Seku Ture, Faransawa kuwa suka kwashe kayansu suka fita cikin fushi don saura su gani su ji tsoro.

Irin wannan ƙuri'a mukan ce da ita ƙuri'ar raba gardama. Wannan dai ba ta raba ba. Jibo ya sauka a watan Oktoba, Diori ya hau a Disamba, aka haramta Sawaba a 1959. Waɗansu 'yan jam'iyyar aka ɗaure su, waɗansu suka ƙetaro Nijeriya ta Arewa, suka fake a Kano da garuruwan bakin iyaka wurin dangi da abokai. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancin nan da aka yi ta faɗa a kansa, ba a ko cika shekara biyu ba, tarayyar de Gaulle kuwa ta watse don kanta. Duk da haka gaba ba ta mutu ba. A 1964 'yan Sawaba suka shigo da makamai daga ƙasashen maƙwabta, aka murƙushe su, aka kashe waɗansu a bainar jama'a. Jibo bai sake taka ƙasarsu ba sai bayan da soja suka hamɓare Diori a 1974.

Ba a Afirka kaɗai ake haka ba. Ran 23 ga Yuni 2016 mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'a a kan fita daga Tarayyar Turai, 52 cikin 100 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Aka yi shekara uku da rabi ana cacar baki kafin a fita a ƙarshen Janairu 2020. Abin da ya fi ba su wuya kuwa shi ne iyakar da ta ratsa tsibirin Ailan, inda mutane suke kwana a wannan gefe su yi aiki a wancan. Mutumin Jibiya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi ma ya ga nasa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa ECOWAS a Legas a 1975, ƙungiyar da ta ba talaka izinin ƙetare iyaka ba tare da biza ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, har aka yi maganar kai soja. Manyan Arewa da yawa suka ƙi, suka ce ba a yaƙi da ɗan'uwa. Manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka, kayan gwari suna ruɓewa a ciki. Ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar fita daga ƙungiyar, fitar ta tabbata bayan shekara guda. Jama'a sun cika titi a Yamai suna murna, gama zafin takunkumi bai bar zukatansu ba. Amma wannan karo ba a kafa akwati ko ɗaya ba. A ganinmu ƙuri'ar 1958, duk da maguɗinta, ta bar mana adadin waɗanda suka ce A'a. Ta 2024 ba ta bar mana ko wannan ba.

An sake buɗe iyaka a watan Maris 2024. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284, daga Kano ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya ta ƙare a Maraɗi, a ƙasar da ta bar ƙungiyar tun daga baya. Wanda yake da niyyar kai ziyara can, ya riƙe takardunsa, ya canja kuɗinsa tun a Katsina. Ya kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ya hau, domin 'yan bindiga sun sha tare hanyar Jibiya a shekarun nan, masu mota kuwa ba su son yamma ta yi musu a kanta.