Wane Babur Ne Na Mai Furfura?

Tun watan Yuli na 2011 da gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawa babur a birnin Maiduguri da ƙaramar hukumar Jere, mu mutanen Zabarmari muka jingine namu. Wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka loda a mota aka kai gida yamma, wasu kuma suka tura cikin zaure suka lulluɓe da buhu, a tunaninsu wata biyu ko uku za a ɗage dokar. Buhun ya ruɓe, tayoyi sun tsattsage, doka tana nan daram. Ba mu ce an yi ta babu dalili ba. Duk wanda ya zauna ƙasar nan a wancan lokaci ya san abin da ake aikatawa a kan babur, mutum biyu su zo, su yi abin da za su yi, su ɓace cikin lungu. Keke Napep ya maye gurbin acaba, mu kuma muka koma kan keken hawa da ƙafafunmu.

Lissafin da ba a cika yi ba shi ne na shekaru. Wanda yake da arba'in da biyar ranar da ya zare makulli, yau ya doshi sittin. A zuciyarsa har yanzu shi ne wanda yake ɗaura buhun shanshera a kariya, ya goya ƙaninsa a kai, ya ratsa fadamar Jere ko gezau. Gwiwarsa kuwa ta san ba shi ba ne.

Mai karatu zai ce, to tunda an hana, me ya kawo maganar? Abin da ya kawo ta shi ne, mu mutanen gida biyu ne. Kakanninmu da iyayenmu daga yamma suka zo neman ƙasar noman shinkafa, kuma igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba. Bayan abin da ya faru a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, da muka jera gawa 43 a garin nan washegari muka yi musu salla, Allah ya jiƙansu, dattawa da dama sun tattara sun koma Sakkwato da Kebbi. Ambaliyar Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta sake kora wasu. Akwai kuma masu raba shekara, damina a nan, rani a can. A can ɗin babur shi ne ƙafar manomi. Sai ka ji yaro ya bugo waya daga Kano ko Legas: “Kawu, Baba ya matsa sai mashin, na haɗa kuɗin, wanne za mu saya masa?” Mu da muka rage a nan ma, ba mu fid da rai cewa wata rana za a sassauta wa manoma ba. Gara a yi maganar tun kuɗi yana aljihu.

Idan ka bar wa samari zaɓi, dogon nan za su nuna maka. Mun san shi. Irinsa malaman gona suke zuwa mana da shi a da, Yamaha AG da 'yan uwansa, mai kariya gaba da baya, an rufe sarƙarsa cikin kwano don kada ƙura da ciyawa su shiga. Babur ne da aka ƙera don ya taka kwalta ya kuma shiga daji, kuma gaskiya duk abin da aka yi masa da dalili. Tayar gaba babba ce, inci 21 a yawancin irinsu, inda na gari suke 17 ko 18, don haka tana haye rami da kunya maimakon ta faɗa ciki. An ɗaga madigadin gaba sama, nesa da taya, saboda laka. Duk wanda ya taɓa shiga fadamarmu bayan ruwa ya san lakar nan mai danƙo, yadda take cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta daina juyawa, ka sauka kana ƙwaƙule ta da kara. Cikin injin ya yi nesa da ƙasa, ba ya dukan tudu. Shokozobarsa doguwa ce, tana shanye gargada kafin ta iso ƙugu.

To a nan gizo yake saƙa. Duk waɗannan alheran, tsawo suke ƙara wa babur. Doguwar shokozoba da babbar taya su ne suke ɗaga kujera sama, kuma kujera mai tsawo ita ce abokiyar gabar dattijo. Wani jikanmu ya nuna mana hotunan irin waɗanda Turawa suke hawa a wayarsa. Suzuki DR650, kujerarsa ta haura santimita 88 daga ƙasa. Kawasaki KLR650 na yanzu, nauyinsa ya wuce kilo 200, wato buhu biyu na masara ke nan da ɗoriya. Boksa da muka sani bai fi rabin haka da kaɗan ba. Su kansu Turawan, masu shekaru a cikinsu da gajeru sukan gangaro zuwa ƙanana irin Yamaha TW200, mai faffaɗar taya, wanda kujerarsa ba ta wuce santimita 79 ba. Ashe gwiwa ba ta san launin fata ba.

Babur ba ya kayar da tsoho a guje. A tsaye yake kayar da shi, ko a tafiyar hawainiya: wurin juyawa a ƙofar gida, wurin kauce wa akuya, wurin tsayawa a gefen kunya inda ƙasa ta karkace, ka miƙa ƙafa ka tarar babu ƙasa a inda kake zato. Saurayi in ya ji babur ya rinjaya, sai ya dire ƙafa ɗaya ya tokare, ya yi dariya ya wuce. Dattijo in ya tokare, nauyin gaba ɗaya a gwiwa ɗaya yake sauka, in ta ƙi ɗauka sai su tafi ƙasa tare, salansa mai zafi a kan ƙwauri. Kuma karayar ƙugu a shekara sittin da biyar ba irin karayar yaro ba ce da mai ɗori zai ɗaure wata ɗaya ya tashi. Mun ga waɗanda daga wannan kwanciyar ba su sake taka gona ba. Wani daga cikinmu da ya koma gida, yaransa suka yi masa gata da dogon babur sabo dal a kwali, bai yi sati uku da shi ba ya faɗi a bakin rijiya, a tsaye cak, ko giya bai sa ba. Yanzu babur ɗin yana hannun ɗan ƙaninsa, shi kuma yana kan tabarma.

Don haka awon farko ba a takarda yake ba. A kai Baba shagon da kansa, da irin takalmin da yake zuwa gona da shi, ya hau ya zauna. In tafin ƙafafunsa biyu ba su kwanta a ƙasa shimfiɗe ba, in da ɗan yatsa yake taɓo ƙasa, a wuce wurin ko da mai shago zai rantse cewa zai saba. Sannan a duba yadda yake ɗaga ƙafa ya haye. Wanda ƙugunsa ya riƙe, sai ka ga yana jan babur ɗin zuwa jikinsa don ƙafar ta tsallake, kuma wannan jan shi ne mafarin faɗuwa. In bambancin kaɗan ne, masu ɗinkin kujera suna iya rage soso su sauko da ita yatsa biyu, sai dai kada a rage har zama ya koma kan ƙarfe.

Awo na biyu ya fi na farko ciwo, don yana taɓa girman kai. A kwantar da babur ɗin a ƙasa a hankali, a ce Baba ya tashe shi shi kaɗai. A gona babu mai taya ka. Mu nan mun fi kowa sanin cewa akwai lokacin da ake cewa kowa ya fita daga daji, kuma ba a jiran wanda yake kokawa da ƙarfe a cikin taɓo. Babur ɗin da ba za ka iya tayarwa ba, ranar da ka fi bukatarsa a nan za ka bar shi.

Sai maganar tayar da inji. Mu da muka tashi da buga kik muna raina sitata, muna cewa ta 'yan gayu ce da mata. Wannan magana ce ta mai shekara talatin. Injin da ya kwana cikin sanyin hunturu, ka buga sau goma bai tashi ba, a na sha ɗaya kik ɗin ya dawo ya doki ƙwauri, wannan ba motsa jiki ba ne, cin bashin gwiwa ne. A sayi mai sitata. Amma a tabbata yana da kik ɗin ma, don batir ba ya son zafin ƙasarmu, kuma ba ya sallama kafin ya mutu.

Akwai masu cewa, to ai sai a saya masa roba-roba a huta. Ba mu raina ta ba. Ba ta da kuloci da zai gajiyar da yatsu, ba sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake tanki ba, mai babbar riga yana zama a kanta lafiya lau. In zirga-zirgar Baba daga gida ce zuwa masallaci da kasuwa da gidan suna, ita ce tasa, kada a ji kunyar faɗa masa. Amma cikinta a ƙasa yake, kuma ba a yi ta don buhu ba. Ranar da aka ɗaura mata taki aka nufi fadama, a kunyar farko za ta zauna.

Abin da mu muka tsaya a kai shi ne na tsakiya: babur ɗin aiki irin wanda 'yan acaba suka riga suka gwada mana shekara da shekaru, mai ƙarfin inji 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da TVS, a sa masa taya mai 'yan haƙora. Ba mai manyan haƙoran nan ba, waɗanda kwalta take cinyewa da wuri kuma suke santsi in an yi yayyafi a kan titi. Kamfanonin ma sun gane, suna fitar da samfurin da aka ɗan ɗaga wa madigadi aka sa masa irin wannan taya tun daga kwali. Ba zai bi dogon can cikin rairayi mai zurfi ba, mun yarda. Amma dattijon da yake neman shiga inda sai dogon babur ne zai shiga, ba babur ne matsalarsa ba. In rairayi ne kaɗan, a ɗan rage iskar taya, a bar birkin gaba ya huta, a bi sawun amalanke.

Kuma duk ƙauyen da ka je akwai bakaniken da ya san cikinsa, fulogi da sarƙa da takalmin birki suna rataye a rumfar mai faci. Babur ɗin da sai an aika Kano ko Legas kafin a samo masa kayan gyara, ado ne. Mai kuwa, tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, ba sai mun yi wa kowa wa'azi a kan ƙaramin inji ba.

Akwai wani abin da Bature mai zaɓen babur ba ya sawa a lissafi, mu kuwa dole. Babur ɗin da ya fi iya daji, shi ne wanda mutanen daji suka fi so. A yamma har akwai samfurin Honda da aka laƙaba wa suna Boko Haram saboda masu hawansa. Jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna sun sha kafa dokoki a kan babur a 2021, wani wuri a hana goyo, wani wuri a hana hawan gaba ɗaya. Dattijo a kan sabon babur mai ƙarfi a hanyar ƙauye, ido biyu ne a kansa: jami'in tsaro yana tambayar ina ya samo, ɓarawo yana tambayar ina zai kwana. Wanda ya yi kama da na kowa ya fi kwanciyar hankali. Takardun saye kuma su zauna a aljihu cikin leda, kuma kafin a biya kuɗi a tambayi dokar ƙaramar hukumar da za a hau shi, don ta wannan gari ba ita ce ta wancan ba.

Hular kwano fa? Mun tuna farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole kowa ya sa, har aka riƙa ganin 'yan acaba da ƙoƙo a ka an shafa masa fenti. An yi dariya an wuce. Dattijo dai ya sani ƙoƙon kansa ba ya da na canji, zanna bukar kuma tana iya jira a aljihu har a isa. Babbar riga a naɗe ta a cusa ƙarƙashin cinya, don sarƙa ba ta san ɗinkin Barno ba. Wanda idonsa ya fara hazo, ko yake shan maganin hawan jini da yake sa shi jiri, ya dawo gida kafin magariba, fitilar motar da take tahowa tana makantar da tsoho fiye da yadda take yi wa yaro.

Ku 'ya'yanmu masu aiko da kuɗi, mun san abin da yake ranku. Kuna so a ga Baba a kan abin da za a ce ɗansa ya yi masa. Shi ma Baban ba zai taɓa buɗe baki ya ce muku wannan ya fi ƙarfina ba, ko da ya ji a jikinsa tun a shago. Zai ce madalla, Allah ya yi albarka, ya hau. Don haka kada ku tambaye shi a gaban mai shago, kada kuma ku tambaye shi a gaban surukai. Ku nemi abokinsa na ƙuruciya, wanda suke iya zagin juna, ku ba shi kuɗin mota ya raka shi. Shi ne zai iya ce masa, “Kai Malam, sauko, ƙafarka ba ta kai ba.” Canjin da ya rage a tsakanin dogon da matsakaicin, ku sayi hular kwano da taya ta ajiya, sauran ku bar masa na mai har zuwa girbi.