Ɗumi ko Sanyi? Neman Muryar Jitar Bas a Filinge

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta zai lura cewa masu ƙera ta suna siffanta sauti da kalmomin jin jiki. A Turance da Faransanci, sautin bas mai daɗin kunne, irin na kiɗan sol na shekarun 1960, ana cewa yana da ɗumi. Bahaushe kuwa idan murya ta kwanta masa a rai sai ya ce tana da sanyi. Idan ya ce kiɗa ya ɗau zafi, sauri da tsananin bugu yake nufi. Bugu da ƙari, ƙugiya ɗaya ce ta raba ɗumi da dumi, wato surutu da hayaniya, wanda shi ne ainihin abin da mai neman wannan sauti yake gudu.

Wannan saɓani ya zame mini aiki a hutun da ya wuce. Ƙanena yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a Filinge, a ƙasar Kurfai, kuma wani dattijo mai gurmi ya yarda a ɗauki waƙoƙinsa a sa masu jitar bas. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada sabon kiɗan ya danne maganarsa. Ƙanena ba shi da amfilifaya, sai kwamfuta da manhajojin da ke kwaikwayonta. Ya ce mini, “Yaya, kai da ke karanta ilimin sauti a Yamai, wacce zan zaɓa?”

Kafin zaɓi sai an san abin da ake kwaikwayo. Sautin da ake nema ya fito ne daga kamfanin Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a Detroit ta Amurka a 1959, da kuma Stax ta Memphis. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a yawancin fitattun waƙoƙin Motown, yana riƙe da jitar Fender Precision mai tsirkiyoyi masu santsi, ba ya yawan canza su, akwai soso a ƙarƙashin murfin gindinsu, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Amfilifayar da aka fi dangantawa da wannan zamani ita ce Ampeg B-15, wadda Jess Oliver ya ƙera, ta fito a 1960. Tana aiki da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, da lasifika ɗaya mai faɗin inci 15, ƙarfinta bai wuce wat 25 zuwa 30 ba. Ƙanwarta SVT, ta 1969, tana da wat 300, an yi ta ne don manyan filaye, muryarta na da kaifi da gurnani. Saboda haka muka ajiye duk manhajar da ke kwaikwayon SVT.

Uku suka rage mana. Kamfanin Brainworx na Jamus ya yi kwaikwayon B-15N. Manhajar AmpliTube ta kamfanin IK Multimedia na Italiya tana da tarin na'urorin Ampeg. Sai Neural Amp Modeler, wadda kyauta ce, ana loda mata samfurin sautin amfilifaya da wasu suka ɗauka. Biyun farko sai an saya da katin banki, an kuma yi rajista ta intanet, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga saurayin da ke lissafin kuɗin data da sa'o'in wutar lantarki. Amma kuɗi ba su ne suka yanke hukunci ba. Darasinmu na ilimin furuci ne ya yanke.

Kowane sauti mai kari yana da uwa da ƴaƴa. Uwar ita ce girgiza mafi ƙasa, ƴaƴan kuwa ninkinta ne: sau biyu, sau uku, har sama. Tsirkiyar bas mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, mafi siranta kusan sau 98. Lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da ko ɗaya daga cikinsu. To, a Kurfai ta waya ake jin waƙa, a tasha da kasuwa da gona. Abin da ke ceton mu shi ne, idan kunne ya ji ƴaƴan sai ƙwaƙwalwa ta maido da uwar. Tsohon layin tarho yana wucewa ne da sautin da ke tsakanin girgiza 300 da 3,400, uwar muryar namiji kuwa tana ƙasa da haka, amma babu Bahaushen da ya taɓa kasa bambance karin sama da na ƙasa a tarho. Ƙwayayen gilashin B-15 suna ƙara wa sauti ƴaƴa na kusa, soso da tsofaffin tsirkiyoyi kuma suna kashe na nesa masu kaushi. Wannan haɗi shi ne Bature ya kira ɗumi.

Sai sharaɗin dattijo. Muryarsa tana yawo ne a daidai inda ƴaƴan bas na farko suke, kuma a nan karin sautin Hausa yake zaune. Idan bas ta cika wurin, kalma za ta fita ba tare da karinta ba, mai sauraro ya koma cinta. Muka ɗauki baiti ɗaya, muka sa shi ta kowace manhaja, muka duba hotonsa a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka yi a Amsterdam, wadda muke awon wasula da ita a aji. Daga nan muka tura wa tsohuwar waya, muka miƙa masa. Ya saurari ta farko ya ce ta yi kauri. Ta biyu ya ce tana da kaushi. Da aka rage kaifin ta uku, aka cusa guntun soson katifa a gindin tsirkiyoyi, sai ya ce, “Yauwa, ɗana, yanzu ta yi sanyi.” Ta kyautar ce, da samfurin B-15 a cikinta. A wata kwamfutar da wata muryar, mai yiwuwa wata ce za ta ci.

Kauri, kaushi, sanyi: kalmomi uku, kuma kowacce ta dace da wani abu da ake iya aunawa a allo. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna tun 1980 cewa siffantawa tana tsirowa ne daga abin da jiki ya saba da shi. Wanda ya tashi cikin hunturun Turai, ɗumi ne jin daɗinsa. Wanda ya sha ranar Afrilu a Dallol Bosso, inuwa da ruwan randa yake marmari, shi ya sa yake cewa ransa ya yi sanyi idan damuwa ta gushe.

Ina ganin akwai aikin bincike a nan ga ɗaliban sashenmu. Makaɗan gurmi da goge da kalangu na Kurfai suna da kalmomin da suke yabon sauti ko kushe shi: amo, zaƙi, gardi, taushi, da wasu na Kurfayanci da sai an zauna da su za a ji. A tattara su, a ɗauki sautin da kowace kalma take nufi, a auna shi. Ranar da za a fassara irin waɗannan manhajoji zuwa Hausa, da wannan taska ya kamata a yi aikin, don kada a rubuta wa makaɗi ɗumi a kan maɓallin da shi sanyi yake nema a wurinsa.