Hirar Bencin Awo

Yau ba maganar kasuwa na zo da ita ba, maganar mata ce, kuma na san wani zai ce me ya kai namiji, ɗan kasuwa, cikin zancen naƙuda. To ku yi haƙuri ku ji, ni ma ba da son raina na shiga ba.

Ga wanda bai san ni ba, a Maraɗi aka haife ni, ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya kwaso mu zuwa Minna, yanzu haka yana da rumfar aya da dabino da wake a Kasuwar Kure, ni ke tsare masa ita. A nan na yi firamare da sakandare, a Dutsen Kura Hausa muke zaune. In na je Maraɗi a ce ɗan Najeriya ya zo, in na dawo a ce ga ɗan Nijar. Har a asibiti sai da abin ya biyo mu. Mai rubuta kati ta tambayi matata 'yar ina ce, ta ce Nijar, ita kuwa ta ɗauka Jihar Neja ake nufi tunda a Turanci rubutunsu ɗaya ne, ta ce to wace ƙaramar hukuma? Muka yi shiru muna kallon juna.

A farkon 2023 aka ɗaura mini aure da 'yar kawuna, aka kawo ta daga Maraɗi. Da ciki ya samu, shiri ɗaya ne kowa ya sani: in ya kai wata bakwai a mayar da ita gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, sai bayan arba'in ta dawo. Haka aka yi wa kowa a danginmu. Sai ga shi ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum, cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka. Gaskiya ne masu babura ba su daina ratse ta daji tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ba, amma wa zai ɗora mai ciki a kan babur a wannan hanyar, ga kuma halin da hanyar Jibiyar kanta take ciki? Muka yi ta jira ko za a buɗe. Ba a buɗe ba. Surukata ta yi kuka a waya, Alhaji ya ce a nan za ta haihu, Allah na nan ko'ina.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mu da babbar mace a gida. Mahaifiyata ta rasu ina sakandare, wajen haihuwa ne, a ɗaki, jini ya ɓalle mata, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ba ma yin zancen a gidanmu, amma kowa na tafe da shi a ciki.

Gidan haya muke, ɗaki takwas, kuma a lokacin mata uku ne masu ciki a gidan: matata, da matar tela wadda Banufiya ce, da wata 'yar Kwantagora da kowa ke kira Maman 'yan biyu, ita haihuwa ta biyar take jira. Ita ce ta tare ni a ƙofar gida wata safiya ta ce, "Ɗan Alhaji, amaryar nan taka ta fara awo kuwa?" Na ce ai lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Ranar awo ta gaba ta sa ta a gaba suka tafi, ni na bi su a baya kamar ɗan rakiya.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Wanda ya taɓa kai mace awo ya san yadda abin yake. Sai an yi asubanci a karɓi lamba, mata su jeru a benci tun gari bai gama wayewa ba, nas ta zo ta yi musu lacca rabi da Turanci rabi da Hausa, a auna nauyi, a auna jini, a duba fitsari. Maza kuwa muna can gindin bishiya, kowa na latsa waya, ana zancen tsadar fetur tunda a shekarar ne aka cire tallafi. Ba mai tambayar abin da ake yi a ciki. In matarka ta fito da takarda ka duba kuɗin kawai, ka yi tsaki, ka biya.

Ni abin da ya jawo ni kusa, matata ba ta jin Turanci ko kaɗan, ɗan Faransancin firamare ne da ita. Ita asibiti "likita" take ce masa, ɗakin haihuwa "matarnite", mata su yi ta dariya. Saboda haka nakan tsaya jikin taga kusa da bencin, ko za a nemi mai fassara. Ba a taɓa nemana ba ko sau ɗaya, matan sun ishe ta. Amma kunnena ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Wallahi jama'a, makaranta ce a kan bencin nan. Wata ta ce kada ki yarda ki zo haihuwa ba kayanki a jaka: safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, Dettol, Jik, sabulu, zannuwa, kuma ki haɗa da tocila don wuta ba ta da alkawari. Wata ta ce ita an taɓa mayar da mijinta neman safar hannu ƙarfe biyun dare, kantin magani duk a rufe. Wata ta ce ki sa maigidanki ya ba da jini tun yanzu a ajiye, kada sai ana nema a fara kiran 'yan uwa a waya. Sun san wace nas ce mai haƙuri, wace ce in tana aikin dare gara ki daure ki yi shiru. Wata Bayarabiya mai sayar da kayan koli ta ba da labarin yadda aka daka mata tsawa tana tsakiyar naƙuda, aka ce lokacin da take jin daɗinta ai ba ta kira kowa ba. Duk bencin ya ɗauki salati. Sai wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta ce, ita ba ta goyon bayan zagi, amma a daren da jikarta ta zo duniya ma'aikata biyu ne kacal a kan mata cike da ɗaki, ɗaya ko zama ba ta yi ba har asuba. Nan musu ya kaure, wasu na cewa gajiya ba hujjar wulaƙanci ba ce, wasu na cewa ku dai ku gode Allah da kuka samu wanda zai tsaya a kanku. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne.

Akwai kuma masu cewa su awo kawai suke zuwa don su samu kati saboda ko-ta-kwana, haihuwa kam a gida za su yi, wurin ungozoma, inda ba mai buɗe su a gaban mutane. Matata ta fara karkata can. Haihuwar fari ce, ga kunya, ga uwarta na gaya mata a waya cewa ita tara ta haifa a ɗaki ko uhum ba ta ce ba.

Maman 'yan biyu ce ta karya wannan magana, kuma ba da wa'azi ba. Matata ta gaya mini cewa ta kira ta ɗaki ne ta ɗaga riga ta nuna mata tabon aiki a mararta, ta ce 'yan biyun nan da kike gani suna tsalle a tsakar gida ta nan suka fito, an ce mini raguwa, na ce na ji, raguwa mai rai. Sannan ta lissafa mata abubuwan da in ta gani kada ta jira gari ya waye: jini, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko yaro ya daina motsi.

A watan Janairun 2024, cikin sanyin hunturu, saura kamar mako uku a lissafinsu, na dawo daga kasuwa na tarar da ita kwance ta ɗaure kai da ɗankwali. Ta ce tun azahar kanta ke sarawa, kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Ni da wautata na ce ta sha Panadol ta kwanta, sanyi ne. Ita ce ta ce a'a, a kira Yaya, haka take kiran Maman 'yan biyu. Matar nan da tsohon cikinta ta shigo, kallo ɗaya ta yi mata ta juyo ta ce, "Nemo Keke Napep yanzu, kada ka tsaya sallamar kowa."

Da aka auna jininta ya haura 160 bisa 110. A lacca an sha gaya musu cewa daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Nan take aka yi mata wata allura da ake kira magnesium sulphate don hana jijjiga, ciwon nan da a gida ake cewa iska ce ta buge mai ciki a yi ta hayaƙi. Aka gwada saukar da jinin, aka saurari bugun zuciyar yaro, can wajen tsakar dare likita ya kira ni ya ce abin da ya fi shi ne a yi aiki a ciro yaron, in sa hannu.

Na kira Alhaji. Ya ce a ɗan jira zuwa safe, zai sa a yi rubutu a kawo, mata nawa suka haihu ba wuƙa. Ban taɓa musa wa mahaifina magana ba tunda nake. Na tsaya riƙe da biro, ina tuna wani daren da aka ɗan jira zuwa safe. Na ce, "Baba, ka yi mini afuwa, zan sa hannu." Shiru ya yi mai tsawo, sannan ya ce, "Ga ni nan zuwa." Ya zo da kuɗin aya kusan buhu uku a aljihu, a lokacin da rufe iyaka ya sa kayan ma ba sa shigowa. Jinin da na bayar tun watan Nuwamba bisa shawarar matan benci shi ya sa ba a tsaya neman mai bayarwa ba. Kafin kiran assalatu aka fito da 'ya mace, ƙarama ƙwarai, amma da kukanta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Kwana biyu ina kwana a kan barandar asibiti, an aike ni sayen magani waje ya fi sau shida, wata ma'aikaciya ta yi wa matata faɗa don ba ta gane umarnin da aka ba ta da Turanci ba, har ta yi kuka. Matar da ke gadon kusa da ita ce ta riƙa fassara mata. Surukata kuma da ta ji abin da muka kashe ta ce ai da a gida ne kyauta za a yi, don tun zamanin Tandja, a 2005 da 2006, gwamnatin Nijar ta ce aikin haihuwa da awon ciki ba a biya. A nan Najeriya sai a Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mu dai namu ya riga ya wuce.

Daga baya na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Na daɗe ina kallon lambar. A da in na ji irin wannan sai in ce lissafin Turawa ne.

Rigima ta ƙarshe a kan kunun kanwa aka yi ta. Likita ya ce mai hawan jini ta nisanci kanwa da gishiri mai yawa da wankan tafasasshen ruwa, surukata ta ce jego ba kanwa ai ba jego ba ne, sanyi zai shige ta. Kullum sai ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp, matata ta kunna wa Maman 'yan biyu, ita kuma ta mayar da amsa cikin ladabi, "Inna, a yi haƙuri, in jinin ya sauka ni da kaina zan dama mata." Ba ta dama ba har yau.

An buɗe iyaka a watan Maris 2024, surukata ta iso bayan an yi arba'in da daɗewa, da ƙullin kanwarta a jaka. Ta ɗauki jikarta, ta duba tabon 'yarta, ba ta ce komai ba, sai da yamma na ga ta shiga ɗakin Maman 'yan biyu da turmin atamfa. Yarinyar sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Alhaji ba ya iya kiran sunan, Ummi muke ce mata.

Kwanan baya wani yaron rumfar maƙwabta ya kawo amarya daga Tasawa, sun kama ɗaki a layinmu. Shekaranjiya da asuba na ji matata na ƙwanƙwasa musu ƙofa, Ummi a bayanta, tana cewa ta yi sauri kada lamba ta ƙare. Angon ya biyo ni kasuwa yana tambaya wai dole ne sai ya ba da jini? Na ce ya shirya ranar Litinin, zan raka shi.